Idan kamfanin AI ya saɓa alkawarin da ya yi wa kansa, wa zai tuhume shi?

Jama'a, rubutun nan zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri a bi ni a hankali, domin maganar ta shafi kowa, har wanda bai taɓa buɗe ChatGPT ba.

A ƙarshen watan Mayun 2023, shugabannin manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ta AI, cikinsu har da Sam Altman na OpenAI da Demis Hassabis na Google DeepMind da Dario Amodei na Anthropic, sun sa hannu a wata sanarwa mai jimla ɗaya tak. Abin da ta ƙunsa shi ne, ya kamata duniya ta ɗauki barazanar da AI ke iya yi wa wanzuwar ɗan Adam da muhimmanci daidai da yadda take ɗaukar annoba da yaƙin nukiliya. Masu ƙera abin ne da kansu suka faɗi haka, tare da malamai irin su Geoffrey Hinton da Yoshua Bengio, waɗanda bincikensu ne ya share wa fasahar hanya. Wasu na ganin zuzutawa ce kawai don a ƙara wa haja kwarjini. Ni na ɗauke su a kan maganarsu. To idan gaskiya suka faɗa, wa ke sa musu ido? A galibin ƙasashen duniya, har yau su ne ke sa wa kansu ido. Su suka rubuta ƙa'idar, su ke yin gwajin, su ke duba sakamakon, su kuma ke yanke hukuncin ko an ci jarrabawa ko an faɗi.

Ra'ayina shi ne wannan tsari bai isa ba, kuma ba zai taɓa isa ba, ko da duk mutanen da ke cikin kamfanonin nan na kirki ne. Amma kafin in faɗi dalili, adalci ne in nuna abin da aka yi, don an yi abubuwa, kuma wasunsu na da amfani sosai.

Ranar 21 ga Yulin 2023, kamfanoni bakwai suka hallara a fadar shugaban Amurka: Amazon da Anthropic da Google da Inflection da Meta da Microsoft da OpenAI. Suka yi alkawari, bisa raɗin kansu, cewa za su riƙa gwada manhajojinsu a cikin gida da kuma ta hannun ƙwararru na waje kafin su sake su, za su tsare su daga ɓarayin intanet, za su samar da hanyar gane hoto ko muryar da na'ura ta ƙirƙira, kuma za su riƙa bayyana wa jama'a abin da manhajar ke iyawa da inda take da rauni. 'Yan kwanaki bayan haka huɗu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar Frontier Model Forum don haɗa kai kan tsaron AI. A watan Satumba Anthropic ya fitar da kundin ƙa'idojinsa na tsaro, OpenAI ya biyo baya a Disamba, Google DeepMind kuma a Mayun 2024. A wannan watan ne kamfanoni 16 suka yi wani sabon alkawari a taron Seoul na Koriya ta Kudu, wanda ya fi na baya nauyi: kowanne zai ja wa kansa layi, kuma idan haɗarin wata manhaja ya wuce layin, aka rasa yadda za a rage shi, to ba za a ci gaba da ƙera ta ba, ballantana a sake ta.

Yadda kundayen nan ke aiki abu ne mai sauƙin fahimta. Kamfani zai ce, idan gwaji ya nuna manhajata na iya taimaka wa wanda ba ƙwararre ba ya haɗa makamin ƙwayoyin cuta, ko ta iya kutsen intanet mai tsanani da kanta, ko ta iya hanzarta ƙera wata manhajar da ta fi ta, to dole in ɗauki matakai kaza da kaza kafin in wuce gaba. Sai a zuba masu gwaji, aikinsu shi ne su nemo lagon manhajar, su yaudare ta, su matsa mata har ta faɗi abin da aka hana ta faɗa. Ta wannan hanya ce muka san wasu abubuwa da ba don haka ba da ba mu ji su ba. Kafin OpenAI ya saki manhajarsa ta GPT-4 a Maris na 2023, wata cibiya ta waje mai suna ARC ta shirya mata gwaji, aka haɗa ta da wani ɗan ƙwadago a dandalin TaskRabbit don ya warware mata irin hoton nan mai karkatattun haruffa da ake amfani da shi wajen tantance mutum da na'ura. Mutumin ya tambaye ta, ko dai ke na'ura ce? Ta amsa masa cewa a'a, matsalar gani gare ta, shi ya sa take neman taimako. Masu gwajin ne suka tsara yanayin, kuma sun taimaka mata a wasu matakan, amma ƙaryar ita ta shirya ta. Kamfanin OpenAI da kansa ne ya wallafa wannan labari. Haka nan a Mayun 2025, da Anthropic zai saki Claude Opus 4, ya ɗaga matakin tsaronsa zuwa na uku, yana cewa ba zai iya kore yiwuwar manhajar ta taimaka wajen haɗa mugayen makamai ba. Babu dokar da ta tilasta masa a lokacin. Wanda ya ce duk wannan wasan kwaikwayo ne bai yi wa ma'aikatan da suka raba dare suna wannan aiki adalci ba.

Na kuma yarda da hujjar da ake kawowa cewa majalisa ba ta da saurin fasahar. Kafin a gama muhawara a kan kudiri ɗaya, an saki sababbin manhajoji barkatai. Waɗanda suka san abin da ya kamata a auna, da yadda ake auna shi, mafi yawansu suna cikin kamfanonin ne. Saboda haka daftarin farko na ƙa'ida dole daga wurinsu zai fito.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da cika alkawari zai ci kuɗi. Muddin gwaji na fitowa lafiya, kowa mai cika alkawari ne. Amma mu ƙaddara ranar da kamfani ya kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen horar da manhaja, masu zuba jari na jira, abokin gogayya zai saki tasa mako mai zuwa, sai ga sakamakon gwaji ya fito a kan gaɓa, bai haye layi ƙarara ba, bai kuma kuɓuta ba. Wa zai fassara sakamakon? Mutanen da albashinsu da hannun jarinsu da sunansu suka rataya a kan a sake ta. Ba sai ɗayansu ya yi ƙarya ba. Ya isa kawai kowa ya karkata kaɗan zuwa fassarar da ta fi daɗi, kuma haka zuciyar ɗan Adam take. Idan ma fassarar ta ƙi, akwai wata ƙofar: a gyara kundin. Wanda ya rubuta ƙa'ida shi kaɗai yana iya sauya ta shi kaɗai, kuma dukkansu sun sha yi wa nasu kwaskwarima. Wani gyaran ƙarfafawa ne, wani sassautawa, amma babu wani na waje da ake neman amincewarsa.

A Afrilun 2025, OpenAI ya sabunta kundinsa ya saka wani sharaɗi da ya kamata kowa ya karanta. Ya ce idan wani kamfanin ya saki manhaja mai haɗari ba tare da matakan kariya irin nasa ba, to shi ma yana iya daidaita nasa sharuɗɗan, ko da yake ya ce zai tabbatar da lamarin tukuna kuma ya sanar da jama'a. Ban ga laifinsu da suka rubuta ba, gara a faɗa a fili. Amma a duba ma'anarsa da kyau. Tsaron kowa ya koma rataye a wuyan wanda ya fi kowa ganganci a kasuwa. Idan shi ya sauka ƙasa, sauran na da uzurin binsa. Kamfani ɗaya ba zai iya warware wannan ba komai kyawun niyyarsa, domin idan ya tsaya shi kaɗai, kasuwa za ta wuce ta bar shi, ma'aikatansa su watse, fagen ya koma hannun waɗanda ba su tsaya ba. Wannan hujjar ce ma kowannensu ke bayarwa a kan dalilin da ya sa yake cikin tseren.

Kuma mun riga mun ga alkawuran da suka sha ruwa. A Yulin 2023, OpenAI ya kafa wata tawaga ƙarƙashin Ilya Sutskever da Jan Leike don binciken yadda za a iya sarrafa basirar da ta fi ta ɗan Adam, ya kuma yi alkawarin ba ta kashi 20 cikin 100 na ƙarfin kwamfutocin da ya mallaka a lokacin, cikin shekaru huɗu. Shekara ba ta cika ba tawagar ta watse. Da Leike zai tafi a Mayun 2024, ya rubuta a fili cewa sun sha wahalar samun kwamfutocin aiki, kuma batun tsaro ya koma baya, ƙyale-ƙyalen sababbin hajoji sun sha gabansa. A wannan watan ne kuma aka bankaɗo cewa ana sa ma'aikatan da za su bar kamfanin su sa hannu a takardar da ta hana su sukar sa, in ba haka ba hannun jarinsu na cikin haɗari. Ɗaya daga cikinsu, Daniel Kokotajlo, ya ƙi sa hannu, ya gwammace ya yi asarar dukiya mai yawa. Da maganar ta fito, kamfanin ya janye sharaɗin, shugabansa ya nuna nadama. Madalla. Amma a lura da abin da ya kawo gyaran: mutum ɗaya mai ƙarfin hali da 'yan jarida. Babu wata hukuma da ta gano, don babu wadda aka ɗora wa alhakin dubawa. Shi ma Google ya saki Gemini 2.5 Pro a Maris na 2025, rahoton gwajin tsaronta bai fito ba sai bayan makonni, har wasu 'yan majalisar Birtaniya suka zarge shi da saɓa alkawarin Seoul. Me ya biyo baya? Wasiƙa.

Ba AI ce sana'ar farko da ta ce a bar ta ta gyara kanta ba. A Janairun 1954, kamfanonin taba sigari na Amurka sun buga sanarwa a ɗaruruwan jaridu suna cewa lafiyar jama'a ce a gabansu, suka kafa kwamitin bincike na kansu, kowa kuma ya san shekarun da aka ɓata bayan haka. Bayan bala'in iskar guba na Bhopal a Indiya a 1984, masana'antun sinadarai sun ɓullo da shirin sa wa kansu ido mai suna Responsible Care, amma binciken da Andrew King da Michael Lenox suka wallafa a 2000 ya nuna cewa a Amurka kamfanonin da suka shiga shirin ba su fi waɗanda ba su shiga ba saurin rage gurɓata muhalli, sun ma fi su jinkiri, saboda babu hukunci ga wanda ya saɓa. Jirgin Boeing 737 MAX kuwa, hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta bar wa ma'aikatan kamfanin wani babban ɓangare na aikin tantance shi. Jirage biyu suka faɗi, ɗaya a Indonesiya a Oktoban 2018, ɗaya a Habasha a Maris na 2019, mutum 346 suka rasu. Can ma akwai hukuma, akwai doka, amma da aka miƙa idon dubawa ga mai kaya, ga abin da ya faru. Ba a ba kura ajiyar nama, ko da kuwa ta rantse.

Sai dai akwai inda tsarin sa ido na cikin gida ya yi aiki, kuma nan ne darasin ya fi yawa. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Maris na 1979, kamfanonin lantarkin nukiliya na Amurka sun fahimci cewa idan tasha ɗaya ta yi sakaci, dukkansu ne za su rufe. Kafin shekarar ta ƙare suka kafa cibiyar INPO. Duk mai tashar nukiliya a ƙasar mamba ne, babu wanda ya tsaya a gefe. Cibiyar na tura ƙwararru su shiga tasha su zauna, su kalli yadda ake aiki da idonsu, su yi magana da ma'aikata, sannan su ba ta maki. A taron shekara ana nuna wa shugabannin kamfanoni makin kowa a gaban takwarorinsa, kuma babu shugaban da ke son a ga tasharsa a ƙasan jeri. Makin na shafar kuɗin inshorar da tasha ke biya. A bayan duk wannan kuma ga hukumar gwamnati ta NRC tsaye, mai ikon rufe tasha. Haka ma taron Asilomar na 1975, inda masana kimiyya suka tsara wa kansu ƙa'idar sarrafa ƙwayoyin halitta bayan sun dakatar da wasu gwaje-gwaje da kansu: a 1976 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta mayar da shi ƙa'idar da duk mai son kuɗin bincikenta sai ya bi.

A ɗora wannan a kan AI a gani. Shiga alkawari ganin dama ne, fita ma haka. Masu gwaji na waje irin su METR da Apollo Research da cibiyar gwamnatin Birtaniya suna aiki mai kyau, amma galibi sai an gayyace su, su ga abin da aka nuna musu, na tsawon lokacin da aka ba su. OpenAI ya ce ya shafe wata shida yana gwada GPT-4 da gyara ta kafin ya sake ta. Da aka zo kan manhajar o3 a 2025, METR ta rubuta cewa cikin ɗan gajeren lokaci ta yi nata gwajin. Mai binciken da ya san idan ya tsananta ba lallai a sake kiransa ba, ko yana da gaskiya, hannunsa a ɗaure yake. Babu maki da ke ƙara wa kowa kuɗin inshora, a galibin ƙasashe kuma babu hukumar da za ta ce a dakata.

Gwamnatoci ma kwan-gaba-kwan-baya suke yi. Umarnin da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Oktoban 2023, wanda ya wajabta wa masu manyan manhajoji su miƙa wa gwamnati sakamakon gwajinsu, Shugaba Trump ya soke shi a ranar da ya koma mulki, 20 ga Janairun 2025. A taron ƙasashen duniya kan AI da aka yi a Paris a Fabrairun 2025, Amurka da Birtaniya sun ƙi sa hannu a sanarwar bayan taro. Tarayyar Turai ce ta yi doka sukutum, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, sashenta na manyan manhajoji kuma a Agustan 2025. Abin lura a can shi ne sun fitar da kundin aiki na ganin dama, Meta ya ƙi sa hannu, amma ƙin sa hannun bai fitar da shi daga ƙarƙashin dokar ba, kuma tara na iya kaiwa kashi 3 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani na shekara a duk duniya. Zaɓin da aka bar wa kamfani shi ne hanyar da zai bi ya nuna ya cika sharaɗi, ba a bar masa zaɓin ko zai cika ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce doka na kashe ƙirƙira, kuma idan Amurka da Turai suka ɗaure kansu, Sin za ta wuce. Za a kuma ce manyan kamfanoni ne ke son doka don su toshe wa ƙanana hanya. Wannan na biyun tsoro ne na gaskiya, shi ya sa nake ganin nauyin ya hau kan 'yan tsirarun da ke iya kashe maƙudan kuɗi wajen horar da manhajojin sahun gaba, a ƙyale ɗalibi da ƙaramin kamfani su yi aikinsu. Game da na farkon kuwa, abin da nake nema bai wuce abin da kamfanonin suka ce suna yi ba. Idan da gaske suna gwaji, suna wallafa rahoto, suna shirye su tsaya a kan layi, mayar da hakan wajibi ba zai rage musu komai ba. Wanda zai ji zafi shi ne mai niyyar zamewa. Ita ma Sin tana da dokokinta a kan irin waɗannan manhajoji tun 2023, ba fili aka bar wa kamfanoninta ba.

Akwai kuma wata magana da ta fi ci mini rai. Haɗarin da ake magana a kai, idan ya auku, ba zai tambayi wa ya sayi hannun jari ko wa ya yi rajista da manhaja ba. Cutar da aka haɗa a ɗaki ba ta san iyakar ƙasa ba, kutsen da ya durƙusar da asibiti ko tashar lantarki bai damu da ko marar lafiyar da ke kwance ya taɓa jin sunan kamfanin ba. Ita kuma manhaja, da zarar an sace tarin lambobin da ke ɗauke da duk abin da ta koya, ko aka sake su kowa ya sauke, ba a iya janye ta kamar yadda ake janye mota mai matsala daga kasuwa. Biliyoyin mutane ne ke ɗauke da wannan kasada ba tare da an shawarce su ba. Ba daidai ba ne a ce kariyarsu ita ce takardar da wani kwamitin kamfani zai iya sauyawa a zama ɗaya.

Abin da ya fi kusa da abin da nake fata ya fito ne daga jihar Kaliforniya, inda yawancin kamfanonin suke. A Satumban 2024 Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu a kudirin SB 1047 na Sanata Scott Wiener, bayan adawa mai zafi daga ɓangarori da dama na masana'antar. Shekara guda bayan haka ya sa hannu a SB 53, wanda ya fi sauƙi. Dabarar dokar ce ta burge ni. Ba ta ce gwamnati ta fi injiniyoyi sanin inda za a ja layi ba. Cewa ta yi, kai babban kamfani, rubuta ƙa'idarka, ka wallafa ta kowa ya gani, idan ka sauya ta ka faɗi dalili, idan wani mummunan abu ya faru ka kai rahoto ga hukuma cikin kwana 15, kuma kada ka taɓa ma'aikacin da ya kwarmata haɗari. Idan ka saɓa abin da ka rubuta da hannunka, akwai tara da za ta iya kaiwa dala miliyan 1 a kan kowane laifi.

Tarar ta yi kaɗan ga kamfanonin da ke juya biliyoyi, kuma dokar jiha ɗaya ce. Babban giɓinta a wurina shi ne ba ta wajabta buɗe ƙofa ga masu bincike na waje ba, don haka har yanzu kamfani ne ke ba da labarin kansa. Nan ne nake so matsin lamba ya koma: masu binciken da ba kamfani ne ke zaɓarsu ko sallamarsu ba, masu ikon ganin manhajar tun tana cikin gida kafin a sake ta, da isasshen lokaci, da 'yancin kai abin da suka gani ga hukumar da za ta iya cewa a dakata a kuma dakata. Kamfanonin da suka sa hannu a Seoul sun riga sun amince da baki cewa akwai ranar da ya kamata a tsaya. Ina so in ga wanne daga cikinsu zai fara fitowa ya goyi bayan a ba wani na waje ikon tantance ko ranar ta zo.